Jamus a Kan Angarib

Bari in wanke kaina tun da wuri: ni ban buɗe baki na ce wa kowa gawa ce ba. Duk wanda ya gaya maka haka a unguwarmu Dar Salam, ce masa ya zo ya maimaita a gabana. Shiru kawai na yi, shirun ma bai wuce na taku ɗari biyu ba. To, ka ce ɗari uku.

Ni ne Salahuddin, amma a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum ba wanda ya san wannan dogon sunan. Ka ce Salah mai agashe, wanda bakinsa ya fi yajinsa zafi, kowa zai nuna maka teburinmu, ni da Kawu Yakubu. Kullum da safe nake ƙetare gada daga Omdurman, in tsire nama, in barbaɗa ƙuli, in cika masu jiran mota da surutu har su manta sun ƙoshi. A gida kuwa mu uku ne: ni, ƙanwata Rahmatu, da kakarmu Haboba Bakhita. Na huɗunmu Jamus.

Jamus kare ne. Daga wata gona a Jabal Awliya na ɗauko shi shekara huɗu da suka wuce, a cikin kwalin sabulu, ɗan mitsitsi da shi. Mai gonar ya ce zai yi girma. Bai gaya mini maraƙi yake ba ni ba. Da ya cika shekara gadon bayansa ya kai mini ƙugu, kansa kamar tukunyar dafa waken ful, shi ya sa muka sa masa Jamus, wato ɓauna da Larabci. Tun da ya iso ba a sake sace akuya a layinmu ba, ba ta Haboba kaɗai ba, har ta maƙwabta masu tofar da yawu in sun gan shi.

Wata safiya ya tashi zai raka ni bakin ƙofa, sai ƙafafunsa na baya suka harɗe kamar na mashayi. Na yi dariya, na ce, "Ya zol, mutumina, ina ka kwana jiya?" Bayan kwana uku dariya ta ƙare mini. Ƙafafun baya suka daina ɗaukarsa, sannan na gaba. Haushin da ake ji har kwalta ya koma wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya kamar ta tsohon da ya yi mura. Yana kwance a kan buhu, miyau na zuba, ido kawai ke bin mu. Wutsiya ce kaɗai ba ta san ana ciwo ba. Ka kira sunansa ta hau dukan ƙasa.

Ba abin da ba mu yi ba. Haboba ta turara masa bagaruwa har awaki suka yi ta atishawa. Na je kasuwar dabbobi, wani mai maganin tumaki ya ba ni allura ya ce ko raƙumi ne sai ya tashi. Raƙumi wataƙila, Jamus dai bai tashi ba. Rahmatu ta nuna wa wani mai kemis hotonsa a waya, ya ce shi mutane yake dubawa, ta ce to ai wannan ya fi wasu mutanen. Kowa da sunan da yake ba ciwon, ba sunan da ya zauna.

Ranar Laraba, kwana goma sha takwas da kwanciyarsa, Haj Ibrahim Khalil ya yi sallama. Shi ne shugaban lajna, wato kwamitin unguwa, dogo, fari tas da jallabiya, rawani kamar an naɗa da injin. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana leƙen karen.

"Ya Salah, sa'ar ne da karen nan. Haukan kare."

"Ammu Ibrahim, mahaukacin kare cizo yake yi. Wannan ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai dai ya yi masa sannu da zuwa."

"Akwai mai shiru. Ga miyau, ga murya ta tafi. Jikokina a ƙofar nan suke wasa."

"Wallahi ba shi ba ne."

"To mene ne?"

Na juya ina kallon Jamus a kan buhunsa.

"Ka gani," in ji shi. "Na riga na sanar da hukuma. Masu harbin karnuka za su zo ran Lahadi. Kada ka ce ban gaya maka ba."

Haboba tana zaune tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ibrahim, da ɓarayi suke kwashe maka tumaki ba ka sanar da hukuma ba, sai yanzu?"

"Hajja, ran yara ya fi tumaki."

Haboba ta ci gaba da tsince wakenta. Gaskiyarsa ce, in har sa'ar ne.

Saura abu ɗaya: in kai shi wajen likitan dabbobi na gaske, a Khartum, ya faɗi abin da ke damunsa kafin Lahadi. Wata mai sayen agashe ta taɓa yi mini kwatancen wata Dakta Nahla da ke duba karnuka. Faɗa da baki ba wuya. Ka gwada neman motar da za ta ɗauki kare mai nauyin buhun siminti, yana zubar da miyau, daga Dar Salam. Abokina Hamuda yana da raksha, keken haya mai ƙafa uku, amma raksha ba ta hawa gada, kuma da muka gwada, kan Jamus na leƙowa ta nan, gindinsa ta can. Na kira direba biyar a waya. Da na ce "kare" sai layin ya lalace. Mai amalanken jaki ya ce shi ruwan sha yake ɗauka, in aka gan shi da kare ya gama sana'a.

Hamuda ya ce, "Ka daina faɗa musu a waya. Mu kai shi bakin kwalta, mu tare boksi mai buɗaɗɗen baya. In direba ya ga idonsa zai ji tausayi."

"Mu kai shi da me, a goye?"

Muka waiwaya tare muka kalli angarib ɗin Haboba, gadon igiyar da take hutawa a kai a inuwar darbejiya.

"Amarya," na ce mata, "ara mini gadonki na yini ɗaya."

"Ka ji mijin banza. Bai saya mini gado ba, wanda na zo da shi ma zai ba kare."

"Zan sake miki igiya, sabuwa fil."

"Sabuwa fil kamar alkawarin bara?" Tana faɗa tana naɗe tabarmar kai.

Ranar Alhamis muka so fita da sassafe, amma Hamuda ya tsaya kai 'yan makaranta, kafin ya dawo rana ta take. Muka ciccibi Jamus muka shimfiɗa a kan angarib, muka tallafe shi da tsumma. Rana irin ta Omdurman, wadda ke soya ƙwai a kan bango. Haboba ta dube shi yana haki, ta shiga ɗaki ta fito da tsohon tob ɗinta fari, mayafin da duk unguwa ta san ta da shi, ta lulluɓe shi tun daga kai har wutsiya, ta yayyafa ruwa.

"Saboda rana da ƙuda," in ji ta. "Kuma kada yara su bi ku da jifa."

Hamuda ya ɗauki gaba, na ɗauki baya. Daga gidanmu zuwa kwalta tafiya ce mai ɗan nisa, kuma hanya ɗaya ce: ta gaban masallaci, sannan ta miƙe. Ita ce kuma hanyar maƙabarta. Wallahi ko a raina ban kawo ba. Abin da ke raina kafaɗata ce, da ƙafar gadon da ke neman huda ta.

Muna shan kwanar masallaci ana fitowa daga azahar.

Ka san mutanenmu. Ba a ganin angarib a kafaɗa a tsaya tambaya. Kowa yakan yar da abin da ke hannunsa ya zo ya sa kafaɗa, ya yi 'yan taku, na bayansa ya karɓe shi. Ga angarib, ga farin mayafi, ga jikan Hajja Bakhita yana tafe yana zufa ido ya yi ja. Wani ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, tob ɗin Hajja ne!" Kafin in haɗiye yawu mutum takwas sun kewaye mu. Aka zare ni daga ƙarƙashin gadon kamar ƙaya, aka zare Hamuda. Nauyin da ke kashe ni ya tashi sama ya tafi a kan kafaɗun jama'a.

Wanda ya kama ƙafar baya ta dama, daidai wajen wutsiya, Haj Ibrahim Khalil ne.

"Haba Salah," ya ce. "Ku biyu rak, kamar marasa dangi? Ba sanarwa, ba kowa? Jiya jiya nake tsaye a ƙofarta tana yi mini faɗa. Allah ya jiƙan ki, Hajja. Allah ya yafe mini."

Ga hawaye a gemunsa, na gaske.

A nan ne ya kamata in yi magana. Na sani. Na buɗe baki, sai wani dattijo ya rungume ni yana cewa in yi haƙuri, kowa lokacinsa yake jira. Na waiwayi Hamuda, shi kuma ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na girgiza, mutane na bubbuga bayansa suna cewa ya daure. Na dubi gaba, ga kwalta can tana matsowa da gudu, tafiyar da za ta ci mana rabin awa ana cinye ta kamar wasa. Shaiɗan ya ce mini, bari su kai bishiyar can tukuna. Muka kai bishiyar. Ya ce, bari su kai shagon can.

Jama'a sai ƙaruwa suke. Mai shago ya rufe shago, mai gyaran taya ya taho hannu duk baƙin mai. Ana ta kalmar shahada, ana canjin kafaɗa, ban da Haj Ibrahim, wanda ya ƙi sakin tasa ƙafar, wai shi zai kai ta har ƙarshe. A bakin kwalta wani mai boksi ya taka birki da kansa, ya sauko, ya buɗe bayan mota. Mainasara ne, mai kai kayan miya kasuwa. Ya ce maƙabarta da sauran tafiya, a sa a mota, shi ba ya karɓar komai a kan gawa.

Sai muka ji murya daga baya.

"Salah! Kai Salah! Kun manta ruwansa!"

Haboba ce, tana ɗingisawa, jarka a hannu, Rahmatu na biye da ita.

Ban taɓa jin Dar Salam ta yi shiru irin na ranar ba. Mutum arba'in suka juya suna kallon matar da suke ɗauke da ita. Mai gyaran taya ya ja da baya ya faɗa kwata. Shi kuwa Jamus, da ya ji muryarta, sai wutsiya ta tashi aiki. Ta fito daga ƙarƙashin mayafi, fat, fat, fat, a kan rawanin Haj Ibrahim, har ya karkace ya rufe masa ido ɗaya.

"Wa ya mutu?" in ji Haboba.

"Ke, Hajja," in ji wani.

"Ni? Da izinin wa?"

Aka sauke angarib, aka yaye mayafi. Jamus ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje, yana murna da baƙi.

Abin da ya biyo baya ba zan iya maimaita shi duka ba. Wasu na a'uziyya suna karkaɗe kafaɗa, wasu na neman wuyana. Wani ya ce wasa da gawa ba ƙaramin abu ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Na ɗaga hannu biyu na ce, "Jama'a, ku yafe mini. Ban shirya ba, amma na yi shiru inda ya kamata in yi magana. Asibiti za mu kai shi. Ran Lahadi za a harbe shi in ba a gano ciwonsa ba, kuma ba motar da ta yarda ta ɗauke mu."

Haboba ta shiga tsakiya da jarkarta. "Ni dai na gode. Yau na ga waɗanda za su zo ranar tawa. Kai Adam, ina kallonka, a baya kake tafiya kana danna waya."

Wani ya fashe da dariya, ya so ya haɗiye, ta ƙi. Daga nan ta kama kowa, har dattijon da ya rungume ni. Ban da Haj Ibrahim. Yana tsaye yana warware rawani yana sake naɗawa, bai kalli kowa ba.

Mainasara ya sosa ƙeya. "To ni na riga na buɗe mota. Kunya ce in rufe. Ku sa shi, amma a kan gadonsa, kada ya taɓa mini buhunan albasa."

Muka ɗora angarib. Ina hawa sai na ga Haj Ibrahim ya buɗe ƙofar gaba ya shiga.

"Ammu, ina zuwa?"

"Inda za ku. Da kunnena zan ji abin da likita za ta ce. Bakinka, bayan abin yau, ko sallama ka yi sai na duba agogo."

Muka ratsa Omdurman, muka hau gada, iskar kogi ta bugi Jamus, hancinsa ya hau motsi. Ta tagar baya nake jin Haj Ibrahim yana magana da Mainasara, a hankali. Yana ba shi labarin ƙaninsa, can a Jazira lokacin da iyayensu ke tsinkar auduga. Ɗan kwikwiyo ya yaƙushe shi a hannu, ba wanda ya kula. Bayan wata biyu aka ɗaure yaron a gado, yana ganin ruwa yana ihu. Yana ɗan shekara bakwai ya rasu. Na daina yi wa Hamuda barkwanci.

Dakta Nahla 'yar ƙaramar mace ce, Jamus ya kusa fin ta nauyi. Ba ta tambayi dalilin da ya sa kare ya zo a gadon tsohuwa ba. Ta sa safar hannu ta durƙusa. Ta matsa yatsun ƙafarsa, ya juyo da ido. Ta ƙwanƙwasa gwiwa, shiru. Ta bi gashinsa kaf tana neman kaska, ta ɗebi jini ta duba, aka ɗauki hoton bayansa. Ta miƙa masa ruwa a kwano, na tallafe kansa, ya lashe tas.

"Yau kwana nawa?"

"Sha tara."

Ta dubi Haj Ibrahim, don ta gane wanda ya zo da shari'a. "Ya Haj, kare mai sa'ar, daga ranar da alama ta fito, da wuya ya ga kwana goma. Wannan ya kusa ashirin, yana ci, yana sha, ya san mutanensa. Ba shi ba ne."

Na yi tsalle zan rungumi Hamuda, sai Haj Ibrahim ya ce, "To mene ne?"

"Ban sani ba."

"Likita guda, ki ce ba ki sani ba?"

"Jininsa lafiya, ƙashin bayansa lafiya. Jijiyoyi ne suka daina kai saƙo ƙafafu. Abin da ke jawo haka ya kai uku ko huɗu, injin da zai bambance su kuma ba ni da shi. In na ƙaga maka suna don ka ji daɗi, ƙarya na yi maka."

Na ce, "Dakta, zai tashi?"

"Wasu suna tashi, bayan wata ɗaya, wata biyu. Wasu ciwon yakan hau ƙirji, numfashi ya gagara. Ba ni da allurar da zan ba ka. Aikin naka ne." Ta lissafa mini: a juya shi duk bayan awa huɗu kada gefensa ya yi gyambo, a ba shi abinci kansa a ɗage kada ya shaƙe, a lanƙwasa kowace ƙafa a miƙe sau ashirin, safe da yamma. A zura zane ta ƙarƙashin cikinsa a ɗaga shi tsaye, ƙafa ta taɓa ƙasa, kada ta manta aikinta. "Allurar tumakin nan kuma, jefa ta a shara."

Ta rubuta takarda ta buga hatimi. Haj Ibrahim ya karanta sau biyu ya sa a aljihu.

"Takarda ba ta hana cizo," ya ce mini a hanya. "Wadda ba ta san ciwo ba, ta yaya zan saki jiki da ita? Lahadi tana nan. Amma kafin nan zan riƙa zuwa ina gani da idona."

Ya kuwa zo. Juma'a bayan la'asar ya shigo har tsakar gida, ya zauna nesa a kan kujera, Rahmatu ta kawo masa jabana, gahawarmu, yana kurɓa yana kallo kamar alƙali. Kawu Yakubu ya sallame ni rabin yini, ya ce teburin ya ɗan huta da bakina. Na juya Jamus, na goge shi, na kama ƙafa ina lanƙwasawa ina ƙirga masa da ƙarfi, ina ce masa ɗan ƙwallo ne da ya ji rauni, kulob na jira. Da aka zo ɗagawa aka samu matsala. Hamuda yana bakin aiki. Na kama gefe ɗaya na zanen, Rahmatu da Haboba suka kama ɗayan, muka ja, Jamus ya zame kamar buhun gero.

"Ba haka ake yi ba," in ji Haj Ibrahim daga kujera. "Ku matsar da zanen gaba, wajen ƙirji."

Muka matsar, ya sake zamewa.

"Hajja, saki, za ki karya ƙugu." Ya ajiye finjali, ya naɗe hannun riga, ya karɓi gefen. Muka ɗaga. Jamus ya tsaya a rataye, ƙafafu na lilo, tafin na shafar ƙasa. Muka riƙe shi har hannuna ya gaji. Da muka sauke shi Haj Ibrahim ya je bakin tulu ya wanke hannu, ya sake wankewa, ya sake, yana harararmu ko wani zai yi magana. Na cije leɓe. Ka san irin wahalar da na sha.

Asabar ma haka. Ranar ce ya ce, "Tsaya. Sake ɗagawa." Muka sake. "Dubi ta hagun nan ta gaba. Tana turawa." Na duba. Ƙafar na dannan ƙasa, kaɗan, kamar mai taɓa ruwa ya ji ko da sanyi.

Lahadi da hantsi mota ta tsaya a ƙofa, mutum biyu suka sauko, ɗaya da bindiga a kafaɗa. Na fito na tsaya a bakin ƙofa. Yaran layi sun taru, manya na leƙe ta katanga.

Haj Ibrahim ya taho daga gidansa ba gaggawa. Ya gaisa da su, ya ciro takardar ya miƙa.

Mai bindigar ya karanta ya ce, "Ya Haj, a nan an rubuta ba a san ciwon ba. Kai kuma ka ce mana sa'ar ne."

"Na ce. Na yi kuskure. Kwana biyu ina zaune a kansa, na ga sa'ar da idona tun kafin a haife ka, wannan ba shi ba ne. Yana ɗaure a cikin gida, ba yaron da zai je kusa da shi. In wani abu ya faru, ni za ku nema."

"Ka tabbata? Mun riga mun zo."

"Ɗana, na ɗauki karen nan a kafaɗata a gaban unguwa duka. In kuka harbe shi yau, mutanen nan ba su da kunya, cewa za su yi in zo in ƙarasa aikin da na fara. Ku shigo ku sha shayi ku tafi."

Suka sha shayi suka tafi. Na kama hannun Haj Ibrahim da hannu biyu, na rasa abin faɗa, shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe akwai abin da ke rufe bakin nan."

Daga nan sai aiki. Ba zan yi maka ƙarya in ce kullum gaba ake ci ba. A mako na huɗu ya yi kwana biyu yana numfashi sama-sama, ya ƙi abinci, na zauna ina kallon haƙarƙarinsa na hawa na sauka, ina cewa shi ke nan, ya kai ƙirji. Na kira Dakta Nahla, ta ce in jiƙa shi da ruwa in mayar da shi inda iska ke bi. Rana ta uku ya karɓi romo. Gwiwar hannunsa ta yi gyambo duk da juyin da muke yi, Rahmatu ta ɗinka masa matashi da tsohon wandona. Ya rame har ana ƙirga ƙashinsa. Amma ya fara ɗaga kai da kansa, sannan ya fara dogara ƙirji a kan ƙafafun gaba. Na tura wa Dakta bidiyo, ta ce madalla, ta ce har yanzu ba ta san sunan abin ba. Na ce ta bar shi, mu ma ba mu neme shi da zumunci ba.

Wata Talata, mako na bakwai, na dawo daga kasuwa da la'asar, na tura ƙofa, na ga buhunsa wayam. Sai na ga sawu a ƙasa, wata doguwar shara kamar an ja buhu, ta nufi bayan madafa. Daga can kuma muryar Haboba ke tashi.

"Fita! Ɗan banza, ɓarawo, mara godiya! Fita na ce!"

Na zagaya da gudu. Ga Jamus a tsaye. A tsaye, a kan huɗu, na bayan sun baje suna karkarwa, ya jingina da bango, kansa gaba ɗaya a cikin kwanon ƙullun kisra, wainarmu ta dawa, da Haboba ta ajiye ya yi tsami. Ita kuma tana tsaye a kansa da muciya a sama, ba ta sauke ta a kansa ba, fuskarta jage-jage da hawaye.

"Amarya, tun yaushe?"

"Tun ɗazu. Ƙullun kwana biyu, Salah! Me za mu ci?"

"Me ya sa ba ki janye kwanon ba?"

"In janye ya faɗi? Da shi ya dogara, wawa."

Jamus ya ɗago, fuska fari fat har kunne. Ya gan ni, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ajiye. Ya ɗaga ta biyu. A ta uku gindin ya kwashe ya zauna daɓas a cikin toka, yana kallona kamar ni na ture shi.

"Rahmatu!" na ƙwala. "Ruga ki kira Ammu Ibrahim!"

"Ki ce masa ya taho da burodi," in ji Haboba, tana goge ido da bakin zane. "Na mutum huɗu. Wannan ya riga ya ci nasa."